Fuskar Mai Mita a Bangon Gari

Mai Mita bai taɓa yin aski a shagon bakin tasha ba, amma shekara da shekaru kansa ne a allon shagon, ta gaba da ta gefe da ta ƙeya. Haƙorinsa bai taɓa ciwo ba, amma shi ne a ƙofar mai cire haƙori, kunci a kumbure, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle. A kantin magani sau biyu ya fito: a hagu ya rame ya zama tsinke, a dama ya sha maganin ya yi ɓul-ɓul. A cikin tasha kuwa, inda aka rubuta a yi hattara da 'yan sane, shi ne ɓarawon da ya zura hannu a aljihu, kuma shi ne mai aljihun.

Aikinsa na gaskiya karanta mitar ruwa ne. Gida-gida yake bi, ya durƙusa, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya kori kyankyasai, ya goge gilashin da babban yatsa, ya karanta lamba, ya yi gaba. Mita dai a ƙasa take zaune, shi kuma dama tun yana yaro mai sunkuyar da kai ne, sai aikin ya zo masa daidai. Takalmin kowa a garin ya sani. Idan ka gaishe shi ƙafarka zai duba kafin ya amsa, in kuwa ka sake takalmi sai ka yi masa bayanin ko kai wane ne.

Wanda ya ja masa wannan masifa ƙanin matarsa ne, mai zanen allunan shaguna, wanda kowa ke kira Fenta. Lokacin da Mai Mita yake neman auren yayar, kullum da yamma sai ya zo ya zauna a ɗakin baƙi, hannu bisa gwiwa, yana jiran ta fito. Ita kuwa ba ta san gaggawa ba. Fenta a lokacin ɗan koyo ne, yana neman abin da zai zauna shiru a zana shi, sai ga mutumin da ko ƙuda ba ya kora. Ya zana shi a bayan kwali, ya zana shi da gawayi a bangon kicin, ya zana shi a ƙasa da tsinke. Kafin a yi auren hannunsa ya haddace fuskar, daga nan kuma bai ƙara koyon wata ba.

"Mijin Yaya, wallahi ba da gangan nake yi ba," haka yake cewa duk sa'ad da aka je masa da faɗa. "Niyyar wani nake yi. Sai na gama na ja da baya in ga kai ne."

Kuma ba ƙarya yake yi ba. Asibitin haihuwa suka ce ya zana musu jariri, jaririn ya fito da kunnuwan Mai Mita da irin damuwarsa. Mai sayar da ƙwai ya ce kaza yake so. An samu kaza, amma duk wanda ya dube ta ya san daga gidan da ta fito. Masu shaguna ba su damu ba, don Fenta ya iya launi, fentinsa ba ya ɓarewa da ruwan sama, kuma a garin ba wani mai zanen.

Mutane kuwa, ka dai san halinsu. Tsohuwar da bai taɓa gani ba sai ta dafa shi a cikin bas ta ce, "Sannu, ya haƙorin?" 'Yan makaranta su tare shi su tambaya ko yau shi ne na hagu ko na dama. Wata rana a tasha aka yi ihun ɓarawo, jama'a suka duba allo suka dube shi, suka cafke shi. Ana cikin jijjiga shi wani mai hankali ya nuna ɗaya gefen allon ya ce ai shi ne aka yi wa satar. Nan take aka sake shi, aka karkaɗe masa riga, aka yi ta yi masa jaje, har aka ba shi ruwa ya sha.

Saboda haka ya ƙara sunkuyar da kai. In ya hango allo daga nesa ya san nasa ne, sai ya bi ta ƙarƙashinsa da sauri yana kallon kwata. Ya tsani allunan nan ƙwarai, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya dubi ɗaya daga cikinsu ido da ido ba.

A gida ma ba a tausaya masa. Matarsa mace ce mai dariya har da riƙe ciki. Takan dawo daga kasuwa ta ajiye kwando ta ce, "Na gan ka yau wurin mahauci, riƙe da cinyar sa. Ka ce mu ba ka kawo mana." In ya hau faɗa, yana cewa ƙaninta ya mayar da shi abin wasan gari, sai ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "To, amma dai idanun sun yi kyau." Shi kuma sai ya ji wani sanyi a ransa, ya ɗauka yabonsa ake yi, faɗan ya mutu a nan. Haka suka yi ta yi har 'yarsu ta girma ta yi aure, har shi ya yi sanƙo, allunan ma suka yi sanƙo.

Bai daɗe da ajiye aiki ba matar ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba.

Bayan jama'a sun watse, gida ya yi shiru, ya ɗauko kwalin hotuna. Nan ya tarar da abin da ya manta. Matarsa ba ta jituwa da kyamara: da an ɗaga sai dariya ta kama ta, ta sa hannu ta rufe fuska. Ga hoton tafin hannunta a bikin 'yarsu, ga tafin hannunta a bakin teku, ga tafin hannunta tana riƙe da jariri da ɗaya hannun. Ya ce ba komai, ai yana da ita a ka. Ya rufe ido don ya gan ta, sai ga ƙafafunta sarai, da ɗan yatsan hagu da ya karkace, da silifas ɗinta mai shuɗin madauri. Muryarta ma tana nan. Amma fuskar, da ya matso sai ta ja baya. Kullum in ya gwada sai ya tarar ta ƙara nisa. Abin ya tsorata shi fiye da mutuwar kanta, ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin na yara.

Washegari ya tafi shagon Fenta. Fenta ya tsufa shi ma, ya kuma daina karɓar aiki tun rasuwar, gwangwanayen fenti duk sun bushe a kan kanta.

"Ka zana mini yayarka," in ji Mai Mita, yana magana da takalmin Fenta. "Shekarun nan duka kana zana ni ban roƙe ka ba. Yau na roƙe ka. Fuskarta tana ɓace mini."

Fenta ya daɗe yana murza wani busasshen buroshi. Ya ce, "Ka ba ni lokaci, Mijin Yaya."

Mutum mai baƙin ciki in ba shi da aikin yi sai ya ƙirƙiro. Mai Mita ya ga cewa duk garin nan cike yake da fuskar da ba ya so, wadda yake so kuwa babu ko ɗaya, sai haushi ya turnuƙe shi. Ya samo bokiti da farin fenti da buroshi mai faɗi, ya shiga bin shaguna kamar yadda yake bin mita a da. Lokacin ya zo masa daidai, domin an fara yayin allunan roba da inji ke bugawa, masu hoton baƙin mutane da haƙora farare tas. Masu shaguna suka ce bismilla, dama suna neman mai shafe musu. Ya shafe mai aski, ya shafe mai haƙori. Ya shafe na hagu da na dama. Ya shafe ɓarawo da mai aljihu a rana ɗaya, jariri da kaza ma bai bar su ba. Yana yi yana kawar da kai, sai fari ya rufe komai sannan ya duba. 'Yarsa ta ce, "Baba, wannan wane irin aiki ne da girmanka?" Ya ce shara yake yi.

Wanda ya bari ƙarshe shi ne wanda ya fi ci masa rai. A lungun bayan kasuwa akwai wani dogon bango da maza suka mayar wurin rage ruwa, har 'yan kasuwa suka gaji da wari suka kira Fenta. Fenta ya hau tsani ya zana ƙaton mutum ya juya baya yana fuskantar bango, ya waiwayo ta kafaɗa irin na wanda aka kama, a ƙasa an rubuta da jan fenti cewa an hana fitsari a nan. Tun da aka yi zanen ba wanda ya ƙara tsayawa a wurin. Ba sai an faɗa maka fuskar wa ce ta waiwayo ba.

Da hantsi ya isa da bokitinsa. Ya fara daga rubutun, ya hau ƙafafu, ya shafe wando da riga, ya yi ɗage ya shafe haɓa da baki da gashin baki. Ya kai rabin hanci hannu ya ƙare. Yana tsalle-tsalle da buroshi sai ya ji an ce, "Baba, don Allah dakata."

Takalmi ne baƙi mara tsini, na mai yawan tafiya, bai san shi ba. Mai takalmin ta ce ita malama ce a jami'a, tarihin zane take koyarwa, kuma ta daɗe tana bin sawun aikin Fenta. Sai dai duk inda aka kwatanta mata, in ta je sai ta tarar da farin bango yana ɗigar fenti.

"Ashe kai ne," ta ce, muryarta kamar za ta yi kuka. "Baba, ka san abin da ka shafe kuwa? Aikin mutumin nan zamani uku ne. Akwai zamanin gashin baki, akwai zamanin tumbi, akwai zamanin sanƙo. Fuska ɗaya ya ba mai saye da mai sayarwa, da ɓarawo da wanda aka sata wa. Yana gaya mana ne cewa duk garin nan mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya ne mana," in ji Mai Mita. "Ni ne."

Malama ta ce ya ɗan ɗaga kai. Ya ɗaga da ƙyar, wuya na ƙara. Ta dube shi, ta dubi abin da ya rage a bango, ta sake dubansa, ta zagaya ta duba kunnensa kamar mai sayen akuya.

"Kunnuwan naka ne," ta ce. "Goshin ma naka ne. Amma idanun nan ba naka ba ne, Baba."

Ka ji fa. Mutum ya sha jijjiga a tasha saboda fuska, ya sha jajen haƙori rabin rayuwarsa, yau a ce masa bai ma yi kama da kansa ba.

"Naka ƙanana ne, kuma a gajiye suke," ta ci gaba, ba ta lura ransa ya ɓaci ba. "Waɗannan manya ne, gefensu ya ɗan ɗaga sama. Kuma duba, girar tsoro take ji, goshin kunya yake ji, amma idanun dariya suke ɓoyewa. Mai idon nan yana kallon abin da yake so ne. Wannan shi ne abin da na kasa fassarawa a duk aikinsa. Me mai fitsari a bango zai gani da zai so haka?"

Mai Mita bai duba ba. Ya ce boko dai bai yi ba, ya rufe bokitinsa, ya ce tsani zai je ya aro, kafin azahar zai gama da sauran.

Tsanin kuwa a shagon Fenta yake. Ya tarar da shi zaune gaban wani allo da aka lulluɓe da tsohon zane, ya yi tagumi.

"Tsani na zo ara," in ji Mai Mita. "Wancan ne zanen da na roƙa?"

"Bai kammalu ba tukuna."

Mai Mita ya fizge zanen. Ga ɗankwali nan irin ɗaurinta, ga 'yan kunnenta, ga sarƙarta. A tsakiya kuwa ga hancinsa, ga haɓarsa, ga kunnuwansa sun ɓullo ta gefen ɗankwali. Har alamar gashin baki akwai, an goge amma bai gogu duka ba. Wato shi ne dai, an yi masa kwalliya. A wurin idanu kuma ba komai, fatar allo ce kawai.

Ya buɗe baki zai yi zagin da ya tara tun yana saurayi, sai ya fasa. Ya ce, "Ko idanun ma ka kasa sa mata?"

"Sun ƙi," in ji Fenta. "Tun da ta rasu suka ƙi. Kai ka ɗauka allunan roba ne suka kore ni daga aiki? Ido ne ya ƙi zuwa. Da, in zan sa ido sai in biyo ta gidanku in sha ruwa, in ce mata ga mijinki can tafe, ta waiwaya, in kwasa in tafi."

"In za ka sa idon wa?"

"Na kowane allo mana." Fenta ya dube shi da mamaki. "Mijin Yaya, ni yaushe na taɓa ganin idonka? Tun kana zuwa ɗakin baƙi tabarma kake kallo. Na yi ta jira ka ɗago, ba ka ɗago ba. Ita kuwa tana bayan labule a tsaye, ta ja shi zuwa hanci tana leƙenka, tana danne dariya. Kai kana can kana cewa ta daɗe ba ta fito ba, alhali tun zuwanka take wurin. To ni ido nake nema, ga ido. Sai na ɗauka na sa maka."

Mai Mita ya nemi wuri ya zauna a kan gwangwanin fenti.

"Ta sani?"

"Ita ta ce kada in gaya maka. Ta ce a bari ka gani da kanka, ai wata rana za ka ɗaga kai."

Sai ya ji muryarta sarai, da kwandon kasuwa a hannu, tana cewa amma dai idanun sun yi kyau. Wato duk shekarun nan kanta take yabo, shi kuma yana jin daɗi. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Ya tuna mai aski da mai haƙori, da na hagu da na dama, da ɓarawo da mai aljihu, da jariri, har da kaza. A kowane lungu na garin tana tsaye tana kallonsa yana wucewa da kai a ƙasa, shi kuma ya bi ta da bokiti ɗaya bayan ɗaya.

"Ga tsanin can bayan ƙofa," in ji Fenta.

Mai Mita ya fita bai ɗauka ba. Mutanen da suka gan shi a hanya sun ce ba su taɓa sanin yana iya gudu ba. Tsoronsa kada wani mai neman lada ya ga aiki rabi ya ƙarasa masa.

Lungun yana nan yadda ya bar shi, Malama ta tafi. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dafe ƙeya da hannu, ya ɗaga kai. Farin fentin ya rufe komai daga ƙasa har rabin hanci, ya tsaya a miƙe kamar labule. Daga samansa idanu biyu suna leƙowa, manya, gefensu ya ɗan ɗaga, suna danne dariya. Yana ganinsu sauran fuskar ta dawo masa gaba ɗaya, da kumatun, da wushiryar, da yadda take cije leɓe. Ya daɗe a tsaye har wuyansa ya ƙage, bai sauke kai ba.

Daga baya Malama ta rubuta dogon bayani a kan bangon. Ta ce aikin mutum biyu ne, ɗaya ya zana ɗaya ya shafe, ta kira shi zamani na huɗu, zamanin fari. Ɗalibai sukan zo su tsaya su yi ta gardama a kan ma'anar farin. Mai Mita ba ya sa musu baki, sai in sun tare masa gaba ya ce su ɗan matsa.

Matsala ɗaya aka samu. Tun da rubutun ya tafi, mazan kasuwa suka ga farin bango mai tsabta, ba hani ba gargaɗi, suka fara dawowa. 'Yan kasuwa suka ce a kira mai allon roba ya rufe wurin duka. Mai Mita ya ce ba za a rufe ba, shi zai tsare. Suka tambaye shi har yaushe, ya ce su dai su bar masa.

Yanzu kullum da safe yakan zo da kujerarsa ta roba da ɗan filo na wuya da 'yarsa ta ɗinka masa. Ya kafa kujerar a ɗaya gefen lungun, ya jingina, fuska a sama. Bai san takalmin kowa ba yanzu, an yi ta sake su bai duba ba. In wani ya shigo lungun da sauri, ya fuskanci bango, ya kai hannu ga mazagin wando, Mai Mita ba ya faɗa, ba ya ma sauke kai. Gyaran murya kawai yake yi.

"Malam, ɗan ƙara gaba," yakan ce. "Akwai mace a nan."